Gammon tagulla, bututu biyu ko akwatin faranti: wanne zai huce maka ruwan tsiro?

Mai dafa giya a gida yakan shafe awa huɗu ko biyar yana aiki a tsanake. Ya jiƙa tsiron sha'ir, ya tace, ya ɗora tukunya, ya zuba furen hop, mai ba giya ɗaci da ƙanshi, a kan lokaci. Da ya kashe wuta kuwa, natsuwa ta ƙare. Ga lita 20 na ruwan tsiro mai zaƙi yana tururi a digiri 100, shi kuma yis, mai mayar da sukarin barasa, ba a zuba shi sai zafin ya sauko wajen digiri 18 zuwa 20 in giyar nau'in el ce, ko wajen digiri 10 in laga ce. Wannan tazara ta digiri 80 ita ce dalilin duk na'urorin da za mu kwatanta.

Gaggawar tana da dalili. Muddin ruwan yana sama da digiri 80, hop ɗin da ka zuba a ƙarshe don ƙanshi yana ci gaba da komawa ɗaci, ƙanshin kuma yana bin tururi. A wannan zafin ne tsiro ke ci gaba da fitar da sinadarin DMS, mai warin dafaffiyar masara, kuma tunda tafasa ta tsaya babu abin da zai kore shi. Farin tsiro irin na giyar filsina ya fi kowanne wannan hali. Da zafin ya faɗo ƙasa da digiri 60, wata matsalar ta buɗe, domin ruwa mai sukari da ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin cuta da yis na daji suke nema. Sannan saurin sanyi yana sa furotin ya dunƙule ya kwanta, abin da ke taimaka wa giya ta fito garau in ta shiga firiji.

Kafin ka duba kowace na'ura, ɗauki ma'aunin zafi ka je bakin famfo. Buɗe shi ya zuba na minti biyu, ka auna. Ka sake aunawa a watan da ya fi zafi a shekara. Wannan adadin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwalin na'ura muhimmanci, domin babu na'urar da za ta sauko da ruwan tsiro ƙasa da sanyin ruwan da ke ratsa ta. In famfonka digiri 12 yake kawowa, kusan duk abin da ka saya zai yi. In digiri 27 yake kawowa, ko ka sayi wadda ta fi kowacce tsada, a 28 ko 29 za ta tsaya tana kallonka.

Lissafin ba wuya. Sanyaya lita 20 daga digiri 100 zuwa 20 yana nufin cire kilojul wajen 6,700 na zafi. Zafin kuma ba ya fita bai ɗaya: saurin fitarsa ya danganta da tazarar da ke tsakanin ruwan tsiro da ruwan sanyi. A ce na'urarka tana raba tazarar biyu duk minti biyar, famfo kuma yana kawo digiri 15. Za ka ga 100 ta koma 57, ta koma 36, ta koma 26, ta koma 20, cikin minti ashirin. Lura da kyau: minti biyar na farko sun cire digiri 43, na ƙarshe kuwa 6 kacal. Da famfon digiri 25, bayan minti ashirin ɗin nan kana wajen 30, kuma daga nan tafiyar hawainiya ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunya yana kallon allurar ma'auni ta ƙi motsi ya san wannan wutsiyar.

Hanya mafi sauƙi ba na'ura ba ce. Ka tsoma tukunyar a baho ko kwamin wanke-wanke, ka kewaye ta da ruwa da ƙanƙara. Ga mai dafa lita biyar zuwa goma, wannan ya isa, kuma ba zan ce masa ya sayi komai ba. Ga lita 20 kuwa, kilo ɗaya na ƙanƙara kilojul 334 yake sha kafin ya narke, ke nan kana neman kilo 20. Ga kuma ɗaukar tukunya mai nauyin fiye da kilo 20 cike da tafasasshen ruwa daga murhu zuwa baho. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya canza shawara.

Daga nan yawanci akan koma wa naɗaɗɗen bututun da ake tsomawa cikin tukunya, wanda ni nake kira gammo, don kamanninsa ke nan. Bututun tagulla ne ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai faɗin inci 3/8 ko rabin inci, tsawonsa mita bakwai da rabi ko mita 15. Ruwan famfo yana shiga ta baki ɗaya, ya zagaye, ya fita ta ɗayan da zafinsa. Ruwan tsiro bayan bututun kawai yake taɓawa, kuma duk darajar gammo a nan take. Abin da ya taɓa giyarka kana ganinsa da idonka. Ka tsoma shi saura minti 15 a sauke tukunya, tafasar ta kashe duk abin da ke jikinsa. In an gama ka ɗauraye, ka goge, ka rataye. Babu injin turawa, babu makunnin tsiyayo ruwa a gindin tukunya, babu abin da zai toshe ko ka zuba hop kamar ba gobe.

Wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: gammo yana sanyaya tukunyar gaba ɗaya lokaci guda. Cikin minti biyu ko uku duk lita 20 ɗin sun sauka ƙasa da digiri 80, ɗacin hop ya tsaya inda ka so, DMS ya daina fitowa. Diddigar furotin ma a cikin tukunya take kwantawa, sai ka tsiyaye na sama ka bar ta.

Lahaninsa biyu ne. Na farko shan ruwa. Da farko ruwan da ke fita yana ƙuna, amma can wajen ƙarshe kusan yadda ya shiga haka yake fita, ga shi kuma dole ka bar shi yana gudu. Na taɓa tara shi a durom don in gani, sai da ya haura lita 100. Na biyu, gammon da aka bari shi kaɗai malalaci ne. Ruwan tsiron da ke manne da bututu yana yin sanyi ya tsaya nan kamar bargo, sauran tukunyar kuma na can da zafinta. Gwada wannan sau ɗaya: riƙe tiyon fita da hannu, ka ji shi ɗumi-ɗumi, sannan ka girgiza gammon ko ka juya ruwan da tsaftataccen ludayi. Nan take za ka saki tiyon don zafi. Zafin nan da ya ƙona ka shi ne wanda da yana zaune a cikin tukunya. Juyawa kawai tana iya rage lokacin kusan rabi, shi ya sa wanda ke shirin sayen babbar na'ura saboda gammonsa "ba ya aiki" nakan fara tambayarsa ko yana juyawa. Masu injin turawa sukan ja ruwan daga gindin tukunya su mayar da shi ta wani ɗan lanƙwasasshen bututu a gefen gammo don ya riƙa kewayawa da kansa, dabarar da marubucin littattafan dafa giya Jamil Zainasheff ya yaɗa a tsakanin masu dafawa a gida a Amurka.

Tagulla ko ƙarfe? A takarda ba su haɗa hanya ba, domin tagulla ta fi ƙarfen da ba ya tsatsa saurin watsa zafi fiye da sau ashirin. A cikin tukunya bambancin bai kai haka ba ko kusa, saboda bangon bututun siriri ne, kuma abin da ke riƙe zafin shi ne wancan bargon ruwa, ba ƙarfen ba. Tagulla tana lanƙwasuwa da hannu, har mutum yana iya naɗa nasa a jikin bokiti. Ɗan abin da take saki a tafasa ma yis na amfana da shi. Sai dai in an ajiye ta da danshi tana yin koren tsatsa, wanda guba ne, dole a kankare shi da ruwan tsami kafin a sake tsomawa. Ƙarfe ba ya wannan, yana jure sabulai masu ƙarfi, amma in ya zo a siffar da ba ta dace da tukunyarka ba, haka za ka haƙura da shi. Game da tsawo, mita bakwai da rabi yana yi wa lita 20 in ruwan famfo na da sanyi. Ni dai na fi son mita 15 mai rabin inci, matuƙar duk naɗin zai nutse. Naɗin da ya leƙo sama da ruwa iska yake sanyayawa. Akwai kuma masu raba ruwa ta bututu uku a lokaci guda, irin Hydra na kamfanin JaDeD, waɗanda ke da sauri ƙwarai amma suna son famfo mai ƙarfi.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: mahaɗar tiyo da bututu ta kasance a wajen bakin tukunya, tana kallon ƙasa. Na taɓa barin tawa a saman tukunya, zafin tafasa ya sassauta robar, ina buɗe famfo sai ga ɗigo yana sauka cikin ruwan tsiro, ɗis, ɗis. Ban lura ba sai da zafin ya kai 30. Giyar nan da tsami ta fito.

Na'ura ta biyu ita ce bututu cikin bututu. Ruwan tsiro yana bi ta na ciki, ruwan sanyi yana bi ta na waje, amma sun saɓa hanya, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Hikimar ita ce ruwan tsiron da ke dab da fita, wanda ya riga ya huce, yana haɗuwa da ruwan famfo sabon shiga mai cikakken sanyi, shi kuma tafasasshen da ke shigowa yana haɗuwa da ruwan da ya riga ya ɗumama. Tazara ba ta taɓa rufewa a duk tsawon bututun. Don haka a wucewa ɗaya ruwan tsiro yana fita da digiri biyu ko uku kawai sama da na famfo, ruwan da ake kashewa kuma bai kai na gammo ba, yana fita da zafi sosai har ka tara ka yi wanke-wanken kaya da shi. Girman dahuwa ba ya damunsa: lita 20 ko 60, abin da zai ƙaru lokaci ne kawai. Tukunyar lantarki ta Grainfather G30 da irin wannan take zuwa.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Kana buƙatar makunni a gindin tukunya, da ko dai injin turawa mai jure zafi ko ka ɗaga tukunyar sama sosai don ruwa ya gangaro da kansa, da tiyon silikon, don na roba ba ya jure tafasasshen ruwa. Sannan ka tuna kowane ɗigo yana yin sanyi cikin daƙiƙoƙi, amma wanda bai zo layi ba yana zaune a tukunya a kusan digiri 95. In gangarowar ta ɗauki minti ashirin, litar ƙarshe ta yi minti ashirin tana ƙara ɗaci. Mai yin giya mai yawan hop na ƙanshi zai ji bambancin a harshensa. Maganin shi ne a fara mayar da ruwan cikin tukunya har duka ya sauka ƙasa da 80, sannan a juya tiyo zuwa bokitin tsimi, wanda kuma ba ya yiwuwa sai da inji. Diddigar furotin kuwa a cikin bututu take haɗuwa, ke nan bokitin tsimi za ta tafi. Wannan bai dame ni ba, yis ba ya ƙin ta, amma mai son tara yis don dahuwa ta gaba zai same shi da laka.

Cikinsa kuma ba ka gani. Kafin aiki sai ka zagaya tafasasshen ruwan tsiro ta ciki na minti goma zuwa 15, bayan aiki ka bi shi da ruwan zafi da sabulun kayan giya irin PBW. Sauƙinta dai, hanya ɗaya ce santala mai faɗi, abin da ya shiga ta nan zai fita ta can.

Akwatin faranti ɗan'uwan wannan ne, sai dai an matse shi. Siraran farantai ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, 20 ko 30 ko 40, masu ƙunya-ƙunya, an jera su an like da tagulla. Ruwan tsiro yana bi ta tsakanin wannan da wancan, ruwan sanyi ta na gaba, haka har ƙarshe. Richard Seligman ne ya fito da irin wannan na'ura a Ingila a 1923, kuma yau da ita manyan masana'antun giya da na madara suke aiki. Kafin ita akwai ta Jean-Louis Baudelot ta 1856 a Faransa, inda ruwan tsiro ke gangarowa a fili a bayan jerin bututai masu ruwan sanyi. Na gida, irin Therminator na kamfanin Blichmann, bai fi bulo girma ba, kuma a sauri da tattalin ruwa babu na biyunsa. Da famfo mai sanyi da inji, lita 20 cikin minti biyar ba abin mamaki ba ne. In za ka zaɓa tsakanin biyu, mai dogayen farantai ya fi mai yawan gajeru, don tsawon tafiyar ne ke kusantar da ruwan tsiro ga sanyin famfo.

A nan ne na fi daɗewa ina nazari, domin na mallaki ɗaya na kuma ajiye shi. Na masana'anta ana kwance shi da sifana a wanke faranti ɗaya-ɗaya. Na gida a like yake har abada. Ramukan cikinsa 'yan milimita ne, cike da lunguna, kuma dunƙulallen hop in ya narke gari yake zama. Ran da na yi giya mai yawan hop ban sa matatar hop ba, ana tsakiyar aiki ruwa ya koma kamar zare, ya tsaya. Rabin giya a bokiti, rabi a tukunya da zafinta, ni kuma ina tsaye da akwati mai ƙuna a hannu ina neman yadda zan tura ruwa ta baya. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya raba ni da shi shi ne wanki. Na tura ruwa gaba, na tura baya, sau biyar, har ya fito fes. Na jiƙa shi da sabulu ya kwana. Da safe na girgiza na zazzage a farin kwano, sai ga ɓaɓɓakun ɓarɓashin hop suna yawo. Na sake, suka sake fitowa. Wasu suna gasa nasu a tanda don kashe abin da ya maƙale, wasu suna dafa shi a tukunyar matsi, kuma da yawa suna shekaru da shi ba tare da giya ta lalace musu ba. Amma sai mai horon kansa, wanda zai wanke shi a take tun bai huce ba, ba wanda zai ce sai gobe ba. Kada kuma a kusance shi da bilic, yana cin ƙarfen da ba ya tsatsa ya bar masa ramuka.

Mu koma kan mai famfon digiri 27, don shi ne ya fi kowa kashe kuɗi a banza. Abin da yake buƙata ƙanƙara ce a lokacin da ya dace. Ya fara da ruwan famfo har zafin ya sauko wajen 40, domin a wannan matakin ko ruwa mai ɗumi yana aiki sosai. Daga 40 zuwa 20 saura kilojul wajen 1,700, wato kilo biyar na ƙanƙara a lissafi, ka ce shida ko bakwai saboda asara. Ka kwatanta da kilo 20 na wanda ya fara da ƙanƙara tun daga tafasa. Yadda ake yi: bokiti cike da ƙanƙara da ɗan ruwa, ƙaramin injin turawa irin na tafkin kifi a ciki, ya tura ruwan ta gammo ya dawo bokitin. Akwai masu sa gammo na biyu a cikin ƙanƙara don ruwan famfo ya ratsa kafin ya isa tukunya. Na gwada, bai kai tura ruwan ƙanƙarar kai tsaye ba, sai ka rage gudun ruwa sosai kana kuma girgiza shi. Mai yin laga, ko famfonsa na da sanyi, da wuya ya tsallake wannan mataki, ko kuma ya sa bokitin tsimi a firiji ya jira 'yan awoyi kafin ya zuba yis.

Akwai kuma waɗanda suka ce a bar sanyayawar baki ɗaya. Masu dafawa a Ostireliya, inda ruwa ke da daraja kuma famfo ke da ɗumi, su suka yaɗa wannan: a juye ruwan tsiro da zafinsa cikin jarkar roba mai lambar HDPE wadda aka yi don abinci, a matse iska, a rufe, a kwantar da ita don zafin ya taɓa murfi, a bar ta ta huce da kanta zuwa washegari. Ba ɗigon ruwa da aka kashe. Kuɗinta shi ne ɗaci yana ƙaruwa, sai an jinkirta zuba hop, kuma giyar da ƙanshin hop ne adonta ba ta cika fitowa yadda ake so ba. Wannan daban yake da abin da masu giyar lambik na Beljiyam ke yi, su da suke baza ruwan tsiro a buɗaɗɗen faffaɗan kasko ya kwana a watannin sanyi. Su da gangan suke gayyatar yis na iska. Wata mafitar ita ce yis ɗin kveik na Norwe, wanda ke aiki lafiya a digiri 30 zuwa 40. Da shi, wutsiyar nan mai cin rai ba ta shafe ka ba, kana kai 35 ka zuba.

In aka ce in zaɓar wa mutum, ga yadda zan yi. Mai lita 20 zuwa 25, ko da wane irin famfo, gammo mai mita 15, ludayi a hannu, da bokitin ƙanƙara in ruwansa na da ɗumi. Mafi yawan masu dafawa a gida a nan suke, kuma minti goman da akwatin faranti zai rage musu wajen sanyayawa za su biya shi da rabin awa a wajen wanki. Mai lita 40 zuwa sama, wanda dama yana da inji da makunni, bututu cikin bututu, domin gammon da zai iya da wannan tukunya ya yi girma da nauyi, ruwan da zai sha kuma ya yi yawa. Akwatin faranti sai ga wanda ruwa ko wurin ajiya ya yi masa ƙaranci ƙwarai, yana da matatar hop mai kyau, kuma ya san halinsa wajen wanke kaya. Nawa yana nan a kan kanta cike da ruwan sabulu tun dahuwar da ya toshe, gammon kuwa yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, ya ɗan lotse a gefe ɗaya inda na taɓa taka shi.